Ragowar Ƙyalle

Litinin, da hantsi

Tun da na buɗe shago ba wanda ya leƙo, ko mai tambayar hanya. Na share, na goge keken ɗinki, na sake sharewa. Da na rasa abin yi sai na juya littafin awo ta baya na fara wannan rubutu, tunda ba kafaɗar da zan auna.

An rufe gada tun ranar Asabar. Abin da ya faru a bakin kasuwa kuwa, kowa da irin nasa. Wani ya ce mota ce ta take mutum, wani ya ce a kan rumfa aka fara. Mai shayi ya rantse ya ga komai da idonsa, alhali a lokacin yana gida yana sharar barci. Rediyo ta ce ƙura ta lafa. In ta lafa, me ya kawo maimaitawa?

Ɗana Dogo yana gida, don garejin da yake aiki a ƙetaren gada yake. Hannun da ya saba da sifana, yanzu sai zaman benci shi da Gola. Gola ɗan maƙwabciyarmu ne, gidansu na gaba da namu ta wajen titi. Tare suka yi rarrafe, tare suka fasa min gilashin shago da ƙwallo. Uwarsa tana shara da goge-goge a asibiti, ita kaɗai ta rene shi.

Inna ta ce a janye mata tabarma daga bakin ƙofa. Idonta ya tafi da daɗewa, amma kunnen yana nan ras. Na ce, "Inna, ba komai fa." Ta ce, "Haka ubanka ya ce, Ƙarami."

Furfura ta cika min kai, har yau Ƙarami nake.

Talata, bayan la'asar

Mai Bulo ya zo, shugaban kwamitin unguwa, rungume da bandir ɗin yadi shuɗi mai haske. Ya dire shi a tebur yana haki.

"Tela, aiki na kawo maka, kuma na taimakon jama'a ne."

Ƙyallaye yake so, faɗin yatsa uku, waɗanda za a ɗaura a damtsen hagu, don samarin da ke gadin unguwa su riƙa gane juna. Ya ce, "Mu ba faɗa muke nema ba. Alama ce kawai."

Na taɓa jin wannan maganar a shagon nan, ina tsaye inda dutsen guga yake yanzu, lokacin ƙafata ba ta kai matakin keke ba.

Na ce masa keke ya lalace. Ya dubi keken, mai sai ƙyalli yake a jikinsa. Ya ce, "Allah ya ba shi lafiya." Ya tafi ya bar yadin.

Laraba, da safe

Na sa bandir ɗin a ƙarƙashin tebur don kada in riƙa ganinsa. Na dawo da shi sama saboda ɓera. Yadi bai yi wa kowa laifi ba.

Alhamis, da azahar

Yau ma ba ciniki, to bari in rubuta abin da ba a faɗa a gidanmu.

Baba yana da doka: ba a yanka sabon yadi don 'yan gida. Na mutane ne farko, na gida sai abin da ya faɗa buhun ragowa. Ba rowa ba ce, tsoron kada a ce tela ya ci yadin mutane ne. Haka ni da Yaya muka tashi, wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya haske, aljihun riga daga zanen wata, wuya daga rigar wani. A makaranta ana ce mana tutar duniya.

A waccan fitinar ta lokacin ƙuruciyata, ƙyallenmu ja ne, na 'yan ƙetare ruwan ƙasa. Baba ya yi kwana da kwanaki a kan keken nan. Yaya ne ya zo na ƙarshe, tunda ɗan gida ne, sai ya tarar yadi ya ƙare. Baba ya zazzage buhu ya samo wani ja mai duhu, ya kai shi bakin ƙofa da rana tsaka, ya ɗaga, ya ce ja ne ai. Kuma da rana ja ne.

Da safe aka kawo Yaya a kan ƙyauren wani. An ce 'yan ƙetare ne. Haka aka faɗa a zaman makoki, haka ake faɗa har gobe. Sai dai a cikin layinmu aka same shi, inda ɗan ƙetare bai taka ba. Kuma tun daga ranar, babban abokinsa, wanda yanzu ake kira Mai Faci, bai sake bi ta ƙofar shagon nan ba. Rumfar facinsa tana bakin titi, ta nan taku kaɗan ne, amma sai ya zaga ta bayan makaranta, safe da yamma, shekara arba'in da ɗoriya. Yara na masa tsiya wai ya fi mota cin taya, don takalman da yake yankowa daga tsohuwar taya ba sa daɗe masa.

Bayan sulhu an kafa ginshiƙi a shataletale, aka rubuta a jiki kada a sake. Na tuna manya sun yi ta tafi. Yanzu masu tallan maganin basir sun lulluɓe rubutun da takardunsu.

Na gaji, kuma ban yi aikin komai ba.

Asabar, da yamma

An bugi mai burodi a bayan tasha. Mutumin da kowa ya ci burodinsa bashi. Samarin can ba su san shi ba, suka tambaye shi alama, ya ce ta me.

Dogo ya shigo shago ya tsaya min a kai, har ya tare haske.

"Abba, layukan bayan tasha ma sun shigo gadi, kuma ba su san fuskokinmu ba. Su sun samu mai ɗinka musu. Mu kaɗai muka rage."

Na ce, "To ka zauna a gida mana. Ɗaure ka aka yi a waje?"

"In kowa ya zauna, wa zai tsare su Inna?"

Daga ciki Inna ta ce, "Ni na ce a tsare ni?"

Bai yi dariya ba. Ya ce zai fita, da alama ko babu. Na dube shi da kyau. Tsayin Yaya ne, har ranƙwafawar nan ta masu tsawo in za su shiga ƙofa.

Da nake wanke hannu Maman Dogo ta zo tana zuba min ruwa. Ta ce, "Baban Dogo, in ba za ka iya hana shi ba, kada ka bar shi ya fita hannu tsirara." Ta faɗa a hankali, ta ɗauki butarta ta wuce.

Lahadi, da hantsi

Keke ya warke.

Na Dogo na fara yankawa, daga kan bandir, inda launi ya fi fita. Yau na karya dokar Baba, kuma ban ji ko ɗar ba. Guda biyu na yi masa, na ninka kalmasa, na bi ɗinkin sau biyu. Ɗaya na ɗaura masa da hannuna, ɗaya na sa a durowar keke, ko da nasa zai ɓata ko ya yage. An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. To na shafa.

Lahadi, bayan magariba

Na kai wa Inna shayi. Ba ta miƙo hannu ba.

"Ƙarami, me kake ɗinkawa?"

"Aiki ne, Inna."

"Na shekara nawa ina jin keken nan? Ɗinkin riga yana da dogon numfashi. Wannan kuwa tirr, ka tsaya, tirr, ka tsaya. Sau ɗaya na taɓa jin irinsa."

Na zauna a gefen tabarma na yi mata bayani. Na ce ba irin na da ba ne. Na ce na Dogo na fara yi, daga sabon yadi, ko makaho zai gane shuɗi ne. Sai da na faɗa na tuna da wa nake magana.

Ta ce, "Makauniya dai ba ta gane ba."

"Inna, na ɗauki darasi."

"Launi ka ɗauka." Ta laluba ta karɓi kofin. "Ubanka har ya mutu yana cewa da ya zaɓi wani ƙyallen. Ko sau ɗaya bai ce da bai ɗinka ba."

Ba ta sha shayin ba. Da safe zan zubar.

Litinin, da la'asar

Layi har waje. Yaran da na ɗinka wa kayan makaranta suna miƙo min damtse kamar masu karɓar allura. Wasu raha suke yi, wani yana tambaya ko akwai mai ado.

Talata, da rana tsaka

Yau na ga abin da ban zaci zan gani ba. Na ɗaga kai don in sa zare a allura, sai ga Mai Faci tsaye a ƙofar shago. Bai hau dakali ba, a rana ya tsaya, hularsa a hannu. Ya tsufa ƙwarai. Daga nesa nake hango shi duk shekarun nan, ban san haƙoransa sun zube ba.

Na ce, "Sannu da zuwa, Yaya." Haka nake kiransa ina yaro, bakina ne ya riga ni. Ya runtse ido kamar na watsa masa ruwa.

Ya ce, "Tela, ka daina."

"Ai na kusa gamawa."

"Ba a gamawa. Yadi ne ke ƙarewa, hannuwa ba sa ƙarewa."

Raina ya ɓaci. Duk garin nan a rasa mai yi min wa'azi sai shi? Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, na gidana na fara yi, daga kan bandir.

Ya daɗe yana kallon keken. Sannan ya ce, "Ni ma nawa daga kan bandir Baba ya yanka min. Ja ne sosai. Ba wanda zai yi kuskurensa."

Ya sa hularsa ya juya. Ban san me yake so in yi da wannan maganar ba. Ko da ya tafi, ta bayan makarantar ya bi, alhali ga titi nan a gabansa.

Laraba, da safe

An ce 'yan ƙetare sun ɗaura baƙin ƙyalle. Ashe su ma suna da tela. Ina ta tunaninsa, ko shi ma bayansa na ciwo kamar nawa.

Alhamis, da yamma

Dogo yana fita kafin magariba, ya dawo da asuba. Yana cin abinci a tsaye. Ya fara cewa "mutanenmu" da "mutanensu". Maigidansa na gareji, wanda ya koya masa aiki kuma ya yi jinyarsa da injin ya murƙushe masa yatsa, yanzu yana cikin mutanensu.

Na ga wani ƙarfe a bayan ƙofa, irin wanda ake kwance taya da shi. Ban tambaya ba.

Juma'a, da hantsi

Wuta ba ta zo ba tun shekaranjiya. Fitilun titi duk a mace. Rediyo ta ce ƙura ta lafa.

Asabar, da azahar

Yadi ya ƙare, sai kwalin da aka naɗe shi a kai. Na aika wa Mai Bulo, ya ce dillalan yadi duk a ƙetare suke, a yi haƙuri da abin da aka samu. Na rufe keke da mayafinsa. Na ji sanyi a raina, wallahi. Na ce shi ke nan, na fita, kuma nawa yana da nasa.

Litinin, da rana tsaka

Gola ya zo. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum, sai na ga leɓensa a kumbure.

Uwarsa ta hana shi shiga gadi tun farko, shi ya sa ba ya cikin waɗanda na yi wa. Yanzu an mayar da ita aikin yamma, saboda ma'aikatan da ke zuwa daga ƙetare ba sa iya zuwa. Shi ke zuwa ya rako ta gida bayan magariba. Jiya an tare shi a bayan tasha, sai da wani ya shaida shi aka sake shi.

"Abba, ko guntu ne a taimaka min. Ba don ni ba, don Mama."

Na ce yadi ya ƙare, na nuna masa kwalin.

Yaron nan a cikin buhun ragowa ya girma, shi da Dogo, suna naɗe ƙyallaye suna yin ƙwallo. Kafin in ce wani abu ya jawo buhun ya zazzage. Ya tona, ya tona, ya ɗago wani yanki, ragowar wandon makaranta.

"Ga shi. Wannan ai shuɗi ne, Abba."

Na karɓa na kai bakin ƙofa na ɗaga. Shuɗi ne. Mai duhu, amma shuɗi ne, kowa ya gani zai ce haka. Ina tsaye a wurin na san a ina nake tsaye. Kada wani ya ce ban sani ba.

Amma in na hana shi, hannu tsirara zai fita. Na ce a raina wannan dabam ne. Na bi gefensa da farin zare, layi biyu, don ya fito. Na ce ya riƙe tocila, ya bi tsakiyar hanya, ya riƙa sallama da ƙarfi, kuma kada ya kuskura ya yi gudu.

Ya yi dariya, leɓen ya hana shi ƙarasawa. "Abba, gola ba ya gudu. Tsayawa yake a zo a same shi."

Duk lokacin da nake ɗinkin gwiwata tana jingine da durowa. Na biyun Dogo yana ciki. Ban buɗe ba. Na Dogo zai iya ɓata, ko ya yage.

Ya sa hannu a aljihu, na ce ya bar shi.

Litinin, da la'asar

Inna ta ce, "Na ji keke sau ɗaya. Na wa?"

"Na Gola."

"Ba ka ce yadi ya ƙare ba?"

"An samu."

Ta juya ta fuskanci bango.

Laraba, da safe

Jiya da shekaranjiya na ji wucewar Gola da uwarsa, tana masa faɗan ya cika sauri. Lafiya lau. Ashe tsoron banza nake ta ji. Tsufa ne.

Alhamis, da yamma

Hadari ya haɗu tun la'asar, gari ya yi duhu da wuri. Ana ta raɗe-raɗin wai za su ƙetaro ta ƙarƙashin gada. An ce samari su tsaya a kowane lungu. An kai su Dogo bayan gidan bulo, ta inda ake yanke zuwa asibiti.

Juma'a

Ba zan rubuta komai yau ba.

Asabar, da asuba

Barci ya ƙi.

Lahadi, da hantsi

Dogo yana raye. Bari in fara da wannan, tunda shi na roƙa. Ko ƙwarzane babu a jikinsa.

Ranar Alhamis bai kai asuba ba, ana idar da isha ya shigo. Na same shi a bakin famfo yana wanke hannu, ruwan sama na dukansa, yana ta wankewa. Ƙyallen yana damtsensa, shuɗi tas, ɗinkina bai motsa ba. Ƙarfen nan na bayan ƙofa bai dawo da shi ba.

Na ce, "Dogo."

Bai waiwayo ba. Ya ce, "Abba, baƙi ne. Wallahi baƙin ƙyalle na gani. A guje yake, kuma baƙi ne."

Gola ne. Ruwan sama ne ya sa shi gudu. Ya fita ba laima, yana sauri kada uwarsa ta jira.

Na rufe famfon. Na kama shi na kai shi ɗaki kamar lokacin da yake ƙarami. Maman Dogo tana tsaye a bakin ƙofa, hannu a baki. Ba wanda ya ce wa kowa komai, kuma a wannan shirun muka gama shawara.

Litinin, bayan la'asar

Zaman makoki. An shimfiɗa tabarmi daga ƙofarsu har ƙofar shagona, don wuri bai isa ba.

An ce 'yan ƙetare ne. Mai Bulo ne ya fara faɗa, sauran suka amsa. Mai shayi ya ce ya ga su uku suna tsallaka katanga. Samarin da ke tare da Dogo a daren suna zaune a jere, kowa na kallon yatsun ƙafarsa.

Na shiga ciki in yi wa Maman Gola gaisuwa. Muryarta ta dishe. Ta ce, "Baban Dogo, na gode. Ya gaya min ko kuɗi ba ka karɓa ba. Ka yi iya naka, kwana ne ya ƙare." Sannan ta ce, "Ina Dogo? Ban gan shi ba. Ka ce ya zo, ko na ga ɗaya daga cikinsu."

Na ce zazzaɓi ne ya kwantar da shi.

"Allah sarki. Dole. Tare suka tashi."

Da na fito na ga Mai Faci a can ƙarshen tabarma. Bai dube ni ba. Tagar ɗakin Dogo yake kallo.

Laraba, da safe

Dogo ba ya ci, ba ya fita. Uwarsa tana ajiye kwano a ƙofa, ta dawo ta ɗauke.

Jiya Inna ta sa aka kai ta ɗakinsa. Ta zauna kusa da shi tun hantsi har azahar.  Da na zo mayar da ita ta riƙe hannuna da ƙarfi, ta ce, "Wancan karon nawa aka kawo min. Na ɗauka ba abin da ya fi shi ciwo."

Alhamis, da azahar

Allura ta karye, na buɗe durowa in ɗauko wata. Yana nan a ninke, shuɗi mai haske, ko ƙura bai yi ba. Na Dogo bai ɓata ba, bai kuma yage ba.

Na rufe. Na zauna har aka kira azahar, ban canja allurar ba.

Asabar, da yamma

An buɗe gada. Manya sun haɗu a shataletale, an yi musabaha, an ɗauki hoto. An kankare takardun masu maganin basir, an ce za a yi wa ginshiƙin sabon fenti, a ƙara rubutu a ƙasa. Na ji tafi daga nan shago.

Har yau ba wanda ya iya gaya min abin da ya faru a bakin kasuwa.

Mai Bulo ya biyo ya yi min godiya a madadin kwamiti. Ya ce ya umarci samari kowa ya wanke ƙyallensa ya adana, ba a san gaba ba. Ya ce, "Wani karon kuma bandir biyu za mu saya tun da wuri. Ai mun ɗauki darasi."

Na ce Allah ya kyauta.

Lahadi, da hantsi

Ciniki ya fara dawowa. Wata mata ta kawo wandon makaranta na ɗanta, za a koma karatu. Na yanka, ragowa ta faɗo, na jefa a buhu. Sai da na jefa na lura. Hannu ne, ba ya shawara da ni.

Litinin, da sassafe

Maigidan Dogo ya aiko daga ƙetare, ya ce aiki ya taru, ya zo. Uwarsa ta lallashe shi har ya yarda. Ya sa kayan aiki, sun yi masa yawa.

Ina buɗe shago ya fito. Ya gaishe ni, idonsa a ƙasa. Maman Gola tana share ƙofar gidanta, ta juya mana baya, ƙarar tsintsiyarta kaɗai ake ji a layin. Daga nan zuwa titi taku kaɗan ne.

Ya tsaya. Ya gyara jakarsa a kafaɗa. Sannan ya juya hagu, ya bi ta bayan makaranta.

Na bi shi da ido. Can gaba Mai Faci ne ke tafiya, lokacin fitarsa ke nan. Da ya ji taku a bayansa ya waiwayo, ya ga ko wane ne, sai ya ɗan matsa gefe ya ba shi wuri. Haka suka sha kwana tare.

Na shiga ciki. Inna tana zaune, ta riga ta ji fitarsa.

"Ta ina ya bi?"

"Ta bayan makaranta."

Ta gyara zama. Sannan ta ce, "To ka riƙa saya masa takalmi mai ƙwari, Ƙarami. Hanyar da tsawo."

Na koma shago. Wandon matar nan yana jira, gobe za ta zo karɓa.